Ƙirgen Sojoji a Kartum

Ni dai karatuna aji huɗu ne a firamaren Zugu, shi ma rabinsa a gonar hedimasta na yi shi ina korar tsuntsu. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya kai ƙarshen labarin ya ce shi ne ya gano jahilcina. Duk da haka ni, Nomau, ni aka ɗora wa zaɓen jami'a a ƙasar waje, kuma na zaɓa da bincike, da nazari, har da ƙirge.

Jikata Balkisu ce ta samu takardu biyu daga Sudan. Ɗaya daga wata jami'a a Kartum, babban birni, ɗaya daga wata a can gabas, wani gari da ake kira Gadarif. Karatun iri ɗaya ne, wai tattalin arziki da kasuwanci tsakanin ƙasashe. Na ce mata ashe fatauci ne, kakana ya yi shi har Gwanja da jaki ba tare da takardar kowa ba. Ta ce, "Shi ya sa kunka gaji jakin, ba ku gaji arzikin ba." Haka muke da ita tun tana rarrafe. Tana kirana Tsoho Mai Ran Ƙarfe, ina kiranta Uwargida.

Ubanta ɗana ne na fari. 'Yan bindiga suka kashe shi a gonarsa ta hanyar Gwashi, tana sakandare a Gummi. Kawunta mai sayen zinari a Anka ya ɗauki nauyin karatun, amma ya ce ba ya iya barin wurin aikinsa, ni in raka ta, in ga makarantun biyu da idona, wadda na yarda da ita nan za ta zauna. Uwarta kuwa, da yake suruka ce, daga bayan labule ta yi mini magana. Ta ce, "Baba, ni ban san karatu ba. Inda za ta kwana lahiya ta tashi lahiya, can za ka aje mini ita." Wannan maganar na ɗaure a bakin zanen zuciyata na hau jirgi.

Muna fitowa daga filin jirgin Kartum wani mutum mai kwat ya tare mu da Hausa tas kamar ɗan Kano, ya ce shi ne wakilin ɗaliban Nijeriya, tun safe yake jiranmu. Na ce wa Balkisu, "Kin ga ƙasar da anka san darajar dattijo?" Ya karɓi ladansa tun kafin aiki, ya karɓi ƙullin kilishin da na yo tsaraba ya ce shi zai miƙa wa shugaban makaranta da hannunsa. Ya sa mu a keke mai ƙafa uku, can suna ce masa raksha, ya sauke mu a wata ƙofa mai shuɗin fenti, ya ce mu jira minti biyu. Muna nan tsaye aka kaɗa ƙararrawa. Ƙofa ta buɗe, ɗalibai suka fito a guje, babbansu bai kai ƙuguna ba. Na ce, "Uwargida, 'yan jami'ar ƙasar nan ba su samun abinci." Ba ta yi dariya ba. Ta zauna kan akwatinta ta rufe fuska da hijabi.

Gefen wannan makarantar yara akwai wata bishiya, ƙarƙashinta wata dattijuwa na sayar da shayi. A can mata ke shayi, abin ya daɗe yana damuna. Ta jima tana kallonmu muna musun wa ya fi wani laifi, sai na ji an ce, "Ku ɗiyan ina ne? Ku taho nan, rana ta ƙasarga ba ta san baƙo ba."

Na waiga ina neman wanda ya yi maganar, don irin wannan Hausar rabona da ita tun rasuwar kakata. Sunanta Hajja Maryama. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a nan, ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ta tambaye ni ko har yanzu gulbin Zamfara na kawo ruwa, don kakarta kullum zancensa take. Na ce yana nan, kifin ne dai ya rage kunya. Ta kai mu gidanta bayan la'asar. Balkisu ta shiga ɗakin 'ya'yanta, ni aka shimfiɗa mini gadon igiya a tsakar gida. Ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka. Na ci na ƙara, na ce hayaƙin murhu ne ya shiga idona.

Yanzu sai in tsaya in yi wa wanda ba ɗan wajenmu ba bayani, in ba haka ba zai ɗauka haukata ta gado ce. Mu mutanen Zugu, soja a wurinmu kamar ruwan sama ne a ƙarshen bazara. Ina cikin dattawan da ake turawa Bukkuyum roƙon a ba mu ko mota ɗaya. Mun je har masu gadin ofis sun san tarin kowannenmu. In aka turo su kwana uku, garin kamar sallah, mata na dafa musu kaji, a fita gona har bakin daji. Ran da suka tafi kowa ya koma kwana da takalmi a ƙafa. A wajenmu in za ka aurar da ɗiya wani gari, ba ka fara tambayar asalin miji, sai ka ce, "Akwai soja garin?"

To mai irin wannan ƙishirwa ne aka saka a raksha da safe aka ratsa tsakiyar Kartum da shi.

Soja a bakin gada. Soja a kan kwana. Soja a ƙofar banki, a gidan mai, a gindin bishiya suna shan shayi. Motoci masu buɗaɗɗen baya da babbar bindiga a girke, irin wadda muka yi shekaru muna roƙon guda ɗaya, ga su nan jere kamar baburan haya a tashar Gummi. Na ciro carbina na fara ja, mota ɗaya ƙwaya ɗaya. Kafin mu isa jami'ar carbi ya zagayo.

Jami'ar kuwa ba laifi. Bene a kan bene, sanyin na'ura har cikin ƙashi, katanga ta fi tsayin raƙumi. Balkisu ta shiga ofis tana ta tambaya da Larabcinta na Islamiyya haɗe da Turanci, su wa ke koyarwa, ana kai ɗalibai ganin aiki ko a'a. Ni na zagaya na duba abin da ya kawo ni. Daga tagar ɗakin kwanan 'yan mata ana hango wani babban gida cike da sojoji, jifa ɗaya tsakani. Na ce alhamdu lillahi.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Sojojin iri biyu ne. Akwai masu kore, manya-manya, suna tsayuwa irin ta soja. Akwai kuma masu kaya ruwan ƙasa, yawancinsu samari, sun naɗe fuska da rawani sai ido, suna zaune a bayan mota ƙafa na lilo, bindiga kwance a cinya. Na san wannan zaman. Na gan shi a bakin kasuwarmu ran da 'yan bindiga suka zo karɓar harajin noma. Amma na ce wa kaina, Nomau, bar ƙauyanci, waɗannan da kakin gwamnati a jikinsu. Na kuma lura in motar masu kore ta gifta ta masu rawani ba a ɗaga hannu, ba a ko kallon juna. Na ce wataƙila haka tarbiyyar sojan birni take.

Kwana biyu bayan haka muka hau babbar mota zuwa Gadarif, tafiyar yini guda. Ba mu yi nisa da barin gari ba aka tsayar da mu a wani shinge. Masu rawani biyu suka hau. Ba su tambayi takardar kowa ba. Suka bi layi suna duban fuskoki, suka tsaya kan wani mutum mai gilashi da ke kujerar gabanmu yana ɓare gyaɗa. Ɗaya ya taɓa kafaɗarsa da yatsa. Mutumin ya tashi ya bi su, ko me ya yi bai tambaya ba. Direba ya ja mota.

Ba wanda ya ce uffan. Kowa ya sami abin kallo a taga. Ƙullin gyaɗar na nan kan kujera, in mota ta faɗa rami ya zube kaɗan. Balkisu ta matso ta ce a hankali, "Tsoho, wanga shirun irin na gida ne."

Na ce, "Ɓarawo ne sunka kama. Ke ba ki son a yi aiki?"

Gadarif gari ne na manoma, ƙasa baƙa wuluk, dawa da riɗi iyakar ganinka. Kaka ce, motocin buhuna sai shiga suke. Jami'ar tana gefen gari, gine-gine gajeru, katangar ko akuya ba ta ɗauke ta da muhimmanci ba, a gabana wata ta tsallaka da 'ya'yanta biyu. Wani malami siriri mai baƙin takalmin roba ya karɓe mu. Da ya ji abin da Balkisu za ta karanta sai ya ce yau ma yana kai 'yan ajinsa kasuwar riɗi, mu biyo su.

Ban taɓa ganin kasuwa irinta ba. Ɗaki ne babba, 'yan kasuwa zaune a layi, ana ɗaga samfurin riɗi ana kiran farashi, wasu da waya a kunne suna magana da masu saye a ƙasashen da ban san sunansu ba. Malamin ya tsaya a tsakiyar ɗalibai yana nuna musu yadda ruwan da bai sauka a wata ƙasa ba ke tayar da farashi a wannan ɗakin. Balkisu ta ɗebi riɗi a tafin hannu ta murza, ta ce masa namu na Zamfara ya fi wannan fari, me ya sa namu ba ya zuwa irin wannan ɗaki? Ya dube ta ya ce wannan tambayar ita ce karatun shekara huɗun gaba ɗaya. Tun rasuwar ubanta ban ga fuskarta ta yi haske irin na ranar ba.

Ni kuma na koma na yi nawa binciken. Mai gadin ƙofa tsoho ne sa'ana, Bahaushen can, yana gyangyaɗi da sanda a gefe. Na tashe shi na ce, "Malam, bindiga nawa gare ku nan?"

Ya ce, "Bindiga? Ta mi?"

"In an zo fa?"

"In wa ya zo?"

Na zagaya bayan ɗakin kwanan 'yan mata. Daga katangar akuyar nan sai gonar dawa, daga dawa sai daji, har inda sama ta taɓa ƙasa. Babu soja ko na magani. Na tsaya ina kallon karan dawa na motsi. A zuci na ga babura na fitowa daga ciki, uku-uku.

A hanyar komowa muka yi ta. Ta ce, "Tsoho, can ni ka so. Can a ka karatun da idanu, Kartum sai allo."

Na ce, "Can ko kare ba ya gadi."

"Don ba su da abin tsoro ne."

"Mu ma da can ba mu da shi. Ubanki ƙofa buɗe yake kwana."

Ban kyauta ba da na sako ubanta. Ta juya ga taga har Kartum.

Washegari na zauna a benci wurin Hajja Maryama ina ba ta labarin hukuncin da na yanke, ina jiran yabo. Tana fifita gawayi ba ta ɗago ba. Wata motar masu rawani ta tsaya, suka sha shayi kofi shida, suka tashi ba su biya ba, ita ma ba ta tambaya ba. Sai da suka yi nisa ta ce, "Malam Nomau, kai manomi ne. Ka taɓa ganin bijimai biyu wuri guda an zauna lahiya?"

Na ce, "Hajja, ai mu da bijimai biyu mu ka huɗa. Guda ba ya jan garma."

Ta ce, "Gaskiya ne. To waɗanga biyun, wa ke riƙe da igiyarsu?"

Na yi dariya na ce ita dai ta iya magana. Ta ce masu kuɗin unguwar da take kai wa shayi duk sun tura iyalansu Masar, wai hutu, ga shi makarantu ba su yi hutu ba. Ta ce, "Ni da ɗiyata ce, inda babu abin da za a yi faɗa a kansa zan kai ta. Wa zai harba bindiga don riɗi?" A raina na ce, tsohuwar da ba ta taɓa gudu cikin dawa ba takalmi ba, me ta sani game da tsaro? Ni ne na zo daga ƙasar masana.

Na kira Balkisu na ce Kartum za ta zauna. Na shirya wa musu, na tanadi amsoshi. Ta dube ni ta ce, "Inna ta ce inda kac ce. Amma ka sani, Tsoho, ka zaɓa mini makaranta kamar mai zaɓen ramin ɓuya." Muka yi rajista. Ran da zan taho ta rako ni har bakin titi tana tsokanata wai kada in ba wani mai kwat hulata.

Na dawo Zugu na zama malamin majalisa. Duk bayan la'asar sai an ce in sake ba da labarin sojojin Kartum, ina ba da shi ina ƙara gishiri. Wasu har cewa suke da ma a kwashe mu a kai mu can. Na je bakin labule na ce wa uwarta ta kwantar da hankalinta, na ajiye mata ɗiya a inda ko ƙuda sai da izini.

Watanni suka wuce. Cikin azumi, wata Asabar da hantsi, ina gyaran igiyar rijiya waya ta yi ƙara. Kafin in ji muryarta na ji abin da ke bayanta. Ƙananan bindigogi na tatata ba numfashi, babbar nan ta kan mota na amsawa, sannan wani abu da ban taɓa ji ba, mai zuwa daga sama ya girgiza wayar kanta.

Ta ce, "Tsoho, mutanenka ne. Junansu su ka harbi. Gidan sojan nan na jikin tagarmu, shi a ka nema."

Na zauna a bakin rijiya. Sai na ji bakina na magana shi kaɗai. Na ce ku bar tagar, ku koma ɗakin da ke tsakiya, ƙasa ba bene ba. Ku cika duk abin da ke riƙe ruwa tun famfo bai ɗauke ba, har tukunya har bokitin wanka. Ki cire farin hijabi ki sa mai duhu. Takardunki ki ɗaure su a ciki, jikin fata. In an yi shiru kada ku fita, shirun farko tarko ne, ku jira ku ga tsofaffin unguwa sun fito. In kun fita kada ku bi taro, kada ku yi gudu, kada ki dubi idon mai bindiga, kada kuma ki dubi ƙasa kamar mai ɓoye wani abu, ki dubi ƙirjinsa. Ina faɗa tana maimaita wa 'yan ɗakinsu da Larabci. A duk tafiyar nan, wannan kaɗai ne ilimin da na ba ta wanda nake da shi da gaske.

Rana ta uku wayar ta daina shiga.

Kwana goma sha ɗaya ba labari. Rediyo na manne a kunnena har na fara jin sa ko a kashe. Majalisa ta daina tambayata komai, in na iso sai a gyara mini wuri a canza zance. Uwarta kuwa ko sau ɗaya ba ta ce mini ga laifinka ba. Har azumi ya ƙare, kullum dab da shan ruwa za ta aiko da kunu da ƙosai, ta tsaya bayan labule ta ce, "Baba, an sha ruwa lahiya?" Da ta ɗauko taɓarya ta buga mini da na fi samun sauƙi.

Ranar sha biyu wata baƙuwar lamba ta kira. Balkisu ce, tana bakin iyakar Masar, cikin ɗaliban da aka kwaso a motoci. Muryarta ta dushe. Ta ce su shida suka fito daga ɗakin, su biyar suka iso. Ban tambayi ta shidan ba, ita ma ba ta faɗa ba, har yau. Lambar Hajja Maryama na kira ta har na haddace, ba ta sake shiga ba.

Balkisu ta iso gida bayan sallah da jaka ɗaya ta leda. Ba ciwo a jikinta, ba tabo, an gode Allah. Na bari mata suka gama koke-kokensu. Da yamma ta zo gaishe ni a zaure. Na riga na shirya, na gyara hula, na ce, "A'a, Uwargida! An dawo da digirin? Ko kin bar shi wurin mai kwat?"

Ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Ina wuni, Kaka. Mun same ku lahiya?"

Kaka. Tunda ta iya magana ba ta taɓa kirana da wannan sunan ba.

Na ce ko gajiya ce. Na ba ta mako. Na ba ta wata. Na gwada ta da jakin kakana, na sa hula a karkace na ratsa gabanta, na ce da gangan riɗin Gadarif ya fi namu fari. Duk abin da na faɗa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, Kaka." Tana kawo mini ruwan alwala, tana wanke mini riguna. Mutane na ta yi mini barka, wai tafiya ta koya wa yarinya ladabi.

Yanzu kawunta na nema mata wata makarantar, na ji an ce har takardu sun fara zuwa. Ba wanda ya kawo mini su in gani, ni ma ban tambaya ba. Shekaranjiya na same ta ita kaɗai tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na tsaya a kanta na ce, ba wasa a bakina, "Balkisu, ni na kai ki. Ke kin gani, Hajja ta gani, ni na rufe ido. Ki ce mini wani abu."

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, har na ga kamar leɓenta zai motsa irin na da. Sannan ta jawo tabarma da hannu ɗaya ta shimfiɗa mini a inuwa, ta ce, "Zauna, Kaka, rana na dukanka." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.